Gulbin Gagare da Dajin Zamfara: Tarihin Iyakar da Ba Ta Bi Ruwa Ba

Na san wani zai ga kan wannan maƙala ya ce, me ya kai ɗalibin Hausa ga zancen gulbi da gandun daji, alhali ga waƙa ga nahawu suna jiransa? To, a yi mini haƙuri. Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, a bakin Gulbin Gagare aka yanke mini cibiya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da kakana ya yi mini a hutun da ya wuce.

Muna zaune da la'asar a kan gaɓa, ga gulbi ya ƙafe sai rairayi fari fat, yara suna ta tonon ruwa da ƙoƙo. Sai tsohon ya nuna tsakiyar rairayin da sandarsa ya ce, "Ka ga wancan wuri? Lambun ubana na nan ƙarƙashi. Sa'ad da munka tashi, gulbin ga bai kai rabin haka faɗi ba." Na ce, "Kaka, ai ruwa ne ya yi yawa." Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ruwa bai ƙaru ba, sauri ya ƙara. Wanda ka tare shi can bisa ne anka sare."

Wannan magana ita ta tura ni ɗakin karatu. Abin da na tarar kuwa shi ne, masana sun fi shekara 60 suna faɗin abin da tsohon nan ya faɗa, ba a dai yi aiki da shi ba ne.

Soro da indararo

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san ƙasar tukuna. Mai karatu ya ɗauki misalin soro. Duk ɗigon ruwan da ya sauka a kan rufinsa, ko a gabas ko a yamma, ta indararo ɗaya zai fita. To, haka kowane gulbi yake da nasa rufi, watau dukkan ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa, tun daga tuddai har ƙoramu da kwazazzabai. Wannan ƙasa ita zan riƙa kira kwarin gulbi. In rufin soro ya zaizaye, ba sai ka hau sama ba, launin ruwan indararo zai gaya maka.

Ƙasarmu tana da indararo biyu manya. Gagare ya taso daga tuddan da ke gabas da Gusau, ya miƙa arewa ya ratsa ta Ƙaura. Bunsuru kuwa daga ƙasar Katsina ya fito, ya biyo ta ƙasar Zurmi. Su biyun sun haɗu a can ƙasa, wajen Shinkafi da Isa. Gaba kaɗan, kusa da Sabon Birni, sai Gulbin Maraɗi ya tarar da su, bayan ya fita Nijeriya ya zaga ta cikin Nijar ya komo. Gamayyar nan ita ce Rima, wadda ta wuce Goronyo da Wurno ta sadu da Gulbin Sakkwato.

Akwai wani abu a ƙarƙashin ƙasa da ya kamata a lura da shi. Gabashin yankin, inda gulaben suka taso, a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, ƙasar da ke bisansa kuma ba ta da kauri sosai. Yammaci da arewa kuwa, daga wajen Shinkafi da Isa zuwa Gundumi, shimfiɗar yashi ce da tsakuwa da yumɓu mai iya riƙe ruwa. Ma'anar wannan ita ce, a can sama ruwa ba shi da babban rumbu a ƙarƙashin ƙasa. In bai sami ganye da ciyawa da saiwa sun tsai da shi ya nutse ba, sai ya kwararo gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ya kwaso ƙasa ya taho da ita.

Dajin da yaƙi ya shuka

Mutane da yawa suna zaton dajin da ke gabas da Zurmi haka Allah ya ajiye shi tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Bakin gulaben nan ya daɗe yana ɗauke da manyan birane. Birnin Zamfara kansa a kusa da Isa yake, kafin Gobirawa su ci shi a zamanin Sarki Babari wajen 1762. Alƙalawa, wadda Gobirawan suka mai da hedkwatarsu, a bakin Rima take. Muhammadu Namoda, jarumin Alibawan Zurmi wanda garinmu ke amsa sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808.

Sai dai faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, daga can suka yi ta kawo hari kudu kusan ƙarni ɗaya cur. Wanda duk ke zaune a ƙaramin ƙauye tsakanin Katsina da Zamfara dole ya tashi ya nemi gari mai ganuwa. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Haka dajin Rugu da dajin Gundumi suka yi kauri. Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta wata magana game da Zurmawa wadda ba zan maimaita ba, domin ina da abokai can kuma ina son mu ci gaba da gaisawa. Barth ya biyo hanyar a 1853. Ya ga babbar kasuwa da auduga a Badarawa ta ƙasar Shinkafi, amma da ya zo Gundumi sai da ayarinsu ya yi tafiyar dare da rana ba zango, saboda ƙishi da tsoron mahara.

Ke nan dajin da Turawa suka tarar bayan 1903, rashin zaman lafiya ne ya raine shi. Da suka kafa dokar gandun daji ta 1916, suka fara keɓe wurare a hannun En'e, sai suka bi inda ba mutane suka ja layi. Ta haka aka sami gandun dajin Zamfara, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,300, a gabashin Zurmi har zuwa iyakar Katsina, inda ya yi kafaɗa da gandun Ruma da Kukar Jangarai. 'Yan ƙauyukan da ke ciki, irin su Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, aka kewaye su da iyaka aka ce su yi noma a cikinta kawai.

A nan ne nake ganin tushen al'amarin. Iyakar gandu ta bi sawun yaƙi, ba ta bi sawun ruwa ba. An dace wani sashe na kwarin Bunsuru ya faɗa ciki. Amma gangaren da ke shayar da Gagare, wanda ya fi kusa da garuruwa, mafi yawansa a waje aka bar shi.

Jirgi ya iso

A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta ƙare a Ƙaura Namoda. Kamfanoni suka kafa sikeli, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, ga kuma haraji da dole a biya da tsaba. Tsoron mahara ya kau, saboda haka mutane suka fito daga bayan ganuwa da gatari. Ba na zargin kowa a kan wannan. Kakannina suna ciki, kuma da kuɗin gyaɗar nan aka yi wa gidanmu rufin kwano na farko. Amma manomi yakan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka saboda amfaninsu, ya sare marke da taramniya da geza, ya ƙone gamba. Gonar gyaɗa kuwa, in an cire amfani, tsirara take kwana har ruwan fari ya same ta. Ruwan farin nan mai ƙarfi shi ke daddaɓe fuskar ƙasa ya mai da ita faƙo.

Masanan lokacin sun ga ana sara, amma idonsu arewa ya duba. Wani malamin daji Bature, E. P. Stebbing, ya zaga ƙasar nan a 1934, ya buga maƙala a 1935 yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa, ya ba da shawarar a kafa katangar itatuwa a tare ta. Ingila da Faransa suka naɗa hukumar haɗin gwiwa wadda ta bi iyaka a 1936 zuwa 1937. Hukumar ba ta ga rairayin hamada yana tafiya ba. Abin da ta gani shi ne ɓarnar da hannun mutum ke yi a inda yake zaune. Duk da haka hoton hamada mai tafiya shi ya zauna a zukata har yau, ga shi nan a shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Rairayin da ya binne lambun kakana kuwa ba daga arewa iska ta kawo shi ba. Daga kudu ruwa ya kawo shi.

Waɗanda suka auna, da waɗanda suka gina

Sai wajen samun 'yancin kai aka fara duban kwarin a matsayin abu guda. A 1961 wani masanin labarin ƙasa, D. C. Ledger, ya buga nazari a kan yadda halin ruwan Rima ya sauya a 'yan shekarun da suka gabata. R. M. Prothero ma ya yi rubutu a 1962 a kan zancen bushewar arewa maso yammacin Nijeriya. Tambayar da masanan wannan zamani suka tayar ita ce ta kakana: shin ambaliya da rairayin da ke cin fadamun Rima suna da nasaba da saran da ake yi can sama? Tambayar tana da wuyar amsawa, domin shekarun 1950 shekarun damina mai albarka ne, sai an yi awo na tsawon lokaci kafin a raba laifin sama da laifin gatari.

A wasu ƙasashe an yi irin wannan awo. A Amurka, a wani wuri da ake kira Wagon Wheel Gap cikin jihar Kolorado, tun daga 1910 aka zaɓi ƙananan kwari biyu masu kama da juna, aka yi shekaru ana auna ruwansu, sannan aka sare dajin ɗaya aka bar ɗaya, aka ci gaba da awo har 1926. Dabara ce mai sauƙi, haƙuri kawai take bukata.

Mu ma an yi mana babban bincike. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekaru cikin 1960 tana auna ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato da Rima, ta fitar da rahotonta a 1969. A 1973 masanan Amurka biyu, Anderson da Ogilbee, suka fitar da bayanin ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin. A wannan shekara kuma gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kwarin Sakkwato da Rima. Sunanta kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi zaton an kai gaci, tunda ga hukuma wadda iyakarta ita ce iyakar ruwa.

To, amma lokacin ya zo daidai da fari na 1972 zuwa 1974 da kuma kuɗin man fetur. Fari ya sa ana gaggawa, kuɗi ya sa ana son babban abu. Sai hankali ya koma ga madatsai. Aka gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kuma kowa ya san jinin manoman da ya zuba can a 1980 a kan zancen diyya. Aka gama Zobe a ƙasar Dutsin-ma a 1983, a kan Karaduwa mai shayar da Bunsuru. Aka gama Goronyo a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin mita mai kusurwa miliyan 942. Watau an yi ta gyaran randa a ƙarƙashin indararo, ba wanda ya hau ya duba rufin. Daji yana hannun ma'aikatar gandun daji ta jiha, gulbi yana hannun hukumar tarayya, ƙasa kuwa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ta ga gwamna. Daga baya aka yanke Katsina a 1987, aka yanke Zamfara a 1996, sai ga ruwa ɗaya yana ratsa jihohi uku da ƙasashe biyu.

Bari in yi wani ɗan lissafi na kaina. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in kilomita ɗaya daidai yake da lita miliyan ɗaya. In muka ɗauka gandun Zamfara yana samun milimita 700 a shekara, to abin da ke sauka a kansa ya kai mita mai kusurwa miliyan 1,610, ya fi cikin Goronyo nesa ba kusa ba. Mafi yawansa rana da tsirrai ke shanyewa. Amma ɗan bambanci a kason da ke nutsewa da kason da ke gudu ya isa ya sauya rayuwar mai shinkafa a Shinkafi. Sakamakon kuwa an gan shi ta fuska biyu: a Satumbar 2010 ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka ta karya gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ranin 2018 kuma ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai, har jami'ai suka ambaci ƙarancin damina da laka da ta cike cikin madatsar.

Kada a ɗauka ina cewa itace na ƙera ruwa. Itace ma mashayi ne, kuma kurmi mai duhu yakan rage jimillar ruwan da ke isa gulbi. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka buga a 2016 ya nuna cewa ruwa ya fi nutsewa ƙasa a inda itatuwa suke tsaka-tsaki, ba cunkus ba, ba fili fetal ba. Masana sun kuma lura cewa a yankin Sahel, bayan farin 1970 da 1980, ruwan da ke kwarara cikin wasu gulabe ƙaruwa ya yi ko da yake damina ta ragu, saboda ƙasa ta zama faƙo. Wannan shi ne "sauri" da tsohon ya ambata.

Makiyayi da manomi

Dajin nan ba na itace kaɗai ba ne. Bayan Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, an riƙa tafiyar da gandun Zamfara a matsayin wurin kiwo, aka haƙa tafkuna domin shanu. A shekarun 1990 malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu na Jami'ar Giessen ta Jamus sun yi dogon nazari a cikinsa, a kan ciyawa da taki da yadda manoman ƙauyukan ciki da Fulani ke raba ƙasa da mashaya. Abin lura shi ne, a lokacin ɗalibi yakan kwana a Dumburum da littafinsa ba abin da ya dame shi.

Bayan 1999 aka yi ta yanka dazuzzuka da makiyaya ana rabawa a matsayin gonaki, har da wajen Gidan Jaja a ƙasar Zurmi. Aka toshe burtali, hanyar mashaya ta ƙuntata. Ba zan ce wannan kaɗai ya haifi ta'addancin da ya addabi ƙasarmu ba, domin akwai zalunci da rashin shari'a da bindigogin da suka kwararo daga waje. Kuma ba abin da zai wanke wanda ya kashe rai ko ya sace mutum. Amma da wanda ya sa hannu a takardar rabon yana da taswirar kwarin a gabansa, mai nuna inda shanu ke shan ruwa a watan bazara da inda gangare ba ya jure garma, da watakila ya yi tunani sau biyu. Yau sunan Dumburum in an ambace shi, ba bincike ke zuwa zuciyar mutum ba. Tarihi ya yi wata irin juyawa mai ɗaci: tsoro ya sake korar mutane daga ƙauyuka zuwa garuruwa kamar zamanin Barth.

Abin da ya kamata a auna

A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 domin wani shiri na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja, wanda aka ce za a tsara shi bisa kwarin gulabe. A takarda wannan shi ne abin da aka rasa tun 1916. Ni dai da za a tambaye ni, sai in ce a fara da abu mai arha. A kafa sandar awo a gadar Gagare da ta Bunsuru, a sa wanda zai riƙa rubuta tsawon ruwa kullum, ya ɗebi kwalba ɗaya a auna lakar da ke ciki. A ɗauko hotunan sama na da, a gwada su da na tauraron ɗan'adam na yanzu, a ga wace ƙorama ce ta fi zubo rairayi, domin ba duk daji ne darajarsa ɗaya a wajen ruwa ba. Kadada ɗaya a kan gangare ko a bakin ƙorama ta fi goma a shimfiɗaɗɗen wuri.

Sa'an nan a leƙa maƙwabta. A ƙasar Maraɗi, wadda ruwanta da namu a Rima suke haɗuwa, tun wajen 1983 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma a cikin gona. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa suka dawo a kimanin kadada miliyan 5 a Nijar. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na malamin daji ba. Mu kuwa a nan, tun zamanin En'e, talaka ya san itacen gandu da tara ne da kamu.

A nan ne kuma nake ganin mu 'yan sashen Hausa muna da aiki. Sunayen wurare kansu shaida ne. Duk inda ka ji ƙauye mai sunan kirya ko marke ko giginya, ko wata fadama da ake kira da sunan kada ko dorina, ka tambayi tsofaffi yaushe aka ga na ƙarshe. Wasu daga cikin mutanen Dumburum da maƙwabtansu da suka san kowace ƙorama da sunanta suna nan zaune a Zurmi da Ƙaura da Gusau, gudun hijira ya kawo su, kuma ba sai an shiga daji za a same su ba.

Ni na fara da na gida. Kafin in komo makaranta na sayi littafi mai shafi 80, na zauna da kakana kwana uku. Ya lissafa mini ƙoramu 11 da ke zuba cikin Gagare tsakanin garinmu da ƙauyen da aka haife shi, da irin itacen da ke bakin kowace a lokacin ƙuruciyarsa, da watan da kowace ke ƙafewa a da da kuma yanzu. A ta tara ya tsaya ya daɗe yana tunani, sannan ya ce in bar wurin fili, sai ya tambayi ƙanwarsa, ita ta fi shi riƙe sunaye.